Malsun da Tekun Zuciya

Duk wanda ya sauka daga jirgin ruwa a tsibirin Dolmi da hantsi zai ga wata tsohuwa zaune a kan baƙin dutse, bayan ɗakin da mata ke sauya kaya, ta ɗaure kai da farin tawul, tana kallon ruwa tana motsa baki. Baƙi sukan ɗauka addu'a take yi. Ƙirge take yi. Mata goma sha huɗu suka rage masu nutso a tsibirin nan, kuma duk wadda ta ɓullo daga ƙarƙashin ruwa ta rungumi goranta, sai ta saki numfashin da ta riƙe da ɗan siririn fito. Sunan tsohuwar Bu Malsun, kuma ta san fiton kowacce a cikinsu. In na wata ya yi jinkiri, za ka ga ta miƙe tsaye.

Ita ce mace ta biyar a jere a gidansu, shi ya sa ubanta ya raɗa mata sunan da ke nufin a tsaya haka nan. Ba a tsaya ba, sai da aka ƙara biyu. Tana da shekara takwas uwarta ta ɗaura mata ɗan ƙaramin gora ta tura ta cikin ruwa, kafin ta kai ashirin kuwa ta shiga sahun 'yan zurfi, waɗanda ke kaiwa inda hasken rana ke dusashewa su ɓamɓaro kawa daga jikin dutse. Da numfashinta ta ciyar da 'ya'ya uku da miji ɗaya, wanda ya fi ƙwarewa a shan giya a kan kamun kifi. Ruwa ya cinye mata rabin ji, saboda haka ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka faɗa ne. Sau da yawa ma faɗan ne.

Bayan nutso, abin da aka san ta da shi allura ce. Allurar ɗinki ce kawai, tana soke a cikin ƙullin farin zare a aljihun rigarta. A nan in abinci ya tsaya wa mutum a ƙirji ba a neman likita, Malsun ake nema. Ta bubbuga maka baya, ta shafo hannunka daga kafaɗa zuwa ƙasa, ta naɗe babban yatsa da zare, ta goga allurar a gashin kanta, ta soka a gindin farce. Jini mai duhu ya ɗigo, ka yi gyatsa, ka yi godiya. Kusan babu yatsa a tsibirin da bai san hannunta ba, kuma tana alfahari da haka.

Ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Kowace mai nutso tana da abokiyar ruwa, in ɗaya ta nutse ɗayar tana sama tana dubanta. Abokiyar ruwan Malsun ita ce Chunja, shekara arba'in da ɗaya suna tare. Chunja mace ce mai sanyin hali da son ci, irin wadda za ka zage ta ta miƙo maka lemo. Mutane sukan ce ba don sanyin Chunja ba, da tuni an jefa Malsun a teku ba gora.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, ranar buɗe ruwa bayan hutun watannin zafi, lokacin da dodon koɗi ya yi ƙiba kowa yana ɗoki. Mata suna ta kokawa da rigunan roba, Chunja kuwa tana zaune a bakin benci, goshinta ya jiƙe da gumi alhali gari da sanyi.

"Malsun, dankalin jiya ya tsaya min," in ji ta. "Nan duk ya yi nauyi. Har muƙamuƙina ciwo yake."

"Nawa kika ci?"

"Biyu."

"Biyu na gaban mutane. Na bayan ƙofa fa?"

Aka yi dariya, Chunja ma ta yi. Malsun ta zaro allura ta yi aikinta. Jinin ya fito da duhu yadda ake so.

"Kin gani? Ga dankalinki nan ya fita. Tashi, ruwa ba zai jira mai ciki ba."

Chunja ta matso gyatsa ta yi, don dai ta faranta mata rai, ta ɗaura ɗamarar dalma ta bi ta.

A nutso na shida ne Chunja ta ɓullo, ta rungumi gora, ba ta yi fito ba. Malsun ta kira sunanta, shiru. Kafin ta iso gare ta hannuwan sun fara zamewa. Ta yaya ta jawo ta har gaɓa, ita ma ba ta sani ba. Mata suka taru suka yi duk abin da suka iya: wata na murza tafin ƙafa, wata na zuba ruwan ɗumi, wata na roƙon Sarkin Teku. Malsun ta sossoke yatsun nan goma ɗaya bayan ɗaya. A bangon zauren taro, tafiyar minti uku daga wurin, akwai wani jan akwati mai na'urar farfaɗo da zuciya a ciki, ko ledarsa ba a taɓa cirewa ba. Babu wadda ta tuna da shi, kuma ko an tuna babu wadda ta san me ake dannawa. Ma'aikaciyar jinya Talata da Juma'a take zuwa. Jirgin ceto ya iso bayan minti hamsin.

Malsun ta bi gawar har asibitin birni da rigar robar a jikinta. Likitar da ta fito wata 'yar siririya ce mai tabarau. Ta tambaya ko marigayiyar ta yi ƙorafin wani abu da safe. Malsun ta faɗa mata: nauyin ƙirji, gumi, muƙamuƙi. Likitar ta ce ai zuciya ce take kuka tun lokacin, kuma a jikin mata sau da yawa haka take zuwa, kamar ƙwarnafi.

"Da an kawo ta da safen fa?"

"Da tana da dama, Inna," in ji likitar. Ba ta ƙara komai ba, Malsun kuma ba ta buƙaci ƙari ba.

A wurin makoki ta yi duk aikin da ake yi, ta dafa, ta wanke, ta raka baƙi. Abu ɗaya ne ta kasa, haɗa ido da Haejin, 'yar Chunja tilo, mai shekara talatin da shida, wadda ke aikin kula da tsofaffi a wani gida a birni. Malsun ce ta yanke mata cibiya. Yanzu in Haejin ta shigo ta wannan ƙofa, sai ta fita ta waccan. Matan da suka ga abin da ya faru a benci ba wadda ta ɗaga maganar, don kowacce ta san da ita ce da allurar, abin da za ta yi ke nan.

Da wata mace ce, da ta zauna ta ci kuka har ta rame. Malsun ba ta iya wannan ba, baƙin cikinta a ƙafa yake sauka. Sau huɗu ta hau jirgi ta je ofishin lafiya na gunduma neman a turo musu ma'aikacin lafiya da zai zauna a tsibirin, da buhun busasshen ganyen teku a hannu don kada a ce ta zo hannu rabbana. A zuwa na huɗu wani ma'aikaci mai furfura ya ba ta kujera ya faɗa mata gaskiya.

"Inna, gurbin aiki a tsibirinku yana nan, albashi yana nan. Mutum ne babu. Duk wanda ya yi karatun ba ya son zama inda iska ke hana jirgi tashi kwana uku. Ki kawo min ɗan tsibirin mai takarda, gobe in ɗauke shi."

"Karatun shekara nawa ne?"

"Na taimakon gaggawa, uku."

Da wannan ta dawo. A taron masu nutso na wata, bayan an gama gardamar farashin koɗi, ta miƙe ta ce a dawo da tekun makaranta. Kowa ya san wurin, duwatsun da ke gabas da fitilar jiragen ruwa. A zamanin iyayenmu mata, da makarantar gari ta ƙone, su ne suka keɓe wannan yanki, duk abin da aka ciro daga cikinsa ba na kowa ba ne, na ginin aji ne. Makarantar ta daɗe da rufewa saboda babu yara, wurin kuma ya koma na kowa. Malsun ta ce a sake keɓe shi, da kuɗinsa a tura mutum ɗaya daga tsibirin ya koyo aikin ceton masu ciwon zuciya, ya dawo ya zauna.

Shugabar masu nutso a lokacin Okbun ce, wadda ta girmi Malsun da shekara biyu, kuma tun suna 'yan mata ba su taɓa yarda da juna a kan ko launin sama ba.

"Ke Malsun, tekun nan ya tsufa kamar mu," ta ce. "Abin da uwata ke cirowa a yini, yau sai mu yi mako. Wurin da ya rage da ɗan albarka shi za mu bayar? Mai rabon mutuwa a ruwa zai mutu a ruwa. Ni dai zuciyata lafiya lau."

"Ta Chunja ma lafiya lau take ranar Talata, Yaya."

Malsun ta sa hannu a aljihu, ta ciro ƙullin zaren da allurar, ta ajiye a tsakiyar tabarma.

"Ga asibitinmu nan. Ni ce babbar likita. Kun ga aikina."

Okbun ta daɗe tana kallon allurar, sannan ta ja tsaki.

"Shekara uku. Ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba."

Wa za a tura? Bakin kowa ya faɗa kan Haejin, tunda ta saba da marasa lafiya kuma ba ta da miji ko ɗa da zai riƙe ta a birni. Malsun ta ce ita makogwaronta na ciwo, Okbun ta buga wayar. An zaci Haejin za ta nemi lokacin tunani, don ba ƙaramin abu ba ne mace mai kusan arba'in ta koma aji da sa'o'in 'ya'yanta. Kafin Okbun ta gama bayani ta ce ta yarda. Har Okbun ta tambaye ta ko ta ji da kyau.

Shekara ukun nan, kwana biyu a kowane wata mata suna shiga gabas da fitila, su juye duk abin da suka samu a raga ɗaya. Maza masu zaman bakin tasha suka sa wa wurin tekun zuciya don tsokana, sunan kuma ya zauna. Malsun kuwa ta zama ƙarfen ƙafa. Ta samo takardu masu hoto daga asibiti, tana bi gida gida, alhali karatun nata da ƙyar ne. Ta shiga kicin ɗin mutane tana ɗanɗana miya tana cewa gishirin nan na mutum goma ne. Ta tsare tsofaffin maza a kan taba. Akwai gidajen da in an hango farin tawul ɗinta ake kashe talabijin a yi kamar ba kowa. Ni kaina na taɓa yi.

Duk hutu Haejin takan zo da wani mutum-mutumin roba, rabin jiki, ta shimfiɗa shi a zauren taro ta koya wa mata danna ƙirji. Suka sa masa sunan mijin Malsun, wai shi ma haka yake kwanciya ba ya motsi. Da farko kunya suke ji, daga baya sai da aka riƙa raba su, don hannun da ya shekara hamsin yana ɓamɓarar kawa ba ya gajiya da wuri. Okbun mai cewa ba ruwanta ita ta fi kowa iyawa. Aka cire wa jan akwati ledarsa, aka dawo da shi ɗakin sauya kaya, kowacce ta danna maɓallinsa da yatsanta ta ji yadda yake magana.

Da Haejin ta gama ta dawo ta buɗe ɗakin shan magani, sai aka kafa doka: ranar shiga ruwa ba wadda za ta sa roba sai an auna jininta, an yi mata tambaya uku, ƙirji, numfashi, gumi. A shekarar farko ta tura mata biyu asibiti da ƙafarsu, dukansu suna nan da rai suna zagin ƙwayoyin da aka ɗora su a kai. Malsun ta ji daɗi har cikin ranta, amma tsakaninta da Haejin bai wuce "Inna, ina kwana" da "Lafiya lau, 'yar nan" ba. Takan ajiye mata kawa mafi girma a bakin ƙofa ta tafi ba sallama. Tana gode mata, tana kuma tsoronta.

Shekara bakwai cif bayan Chunja, ranar buɗe ruwa ta sake zagayowa. Malsun, mai shekara saba'in da uku, ta tashi da nauyi a ƙirji. Jiya an yi bikin tunawa da kakanni a gidan ƙanenta, ta ci wainar shinkafa mai danƙo. To, me kuke zato matar da ta shekara bakwai tana hana mutane sakat a kan zuciya ta ce wa kanta? Ta ce wainar ce. Ta san in ta buɗe baki an raba ta da zurfi ke nan, sai dai tekun kakanni, wurin nutson tsofaffin mata, inda ruwa ke tsayawa a ƙugu. Ta shiga bayan gida, ta naɗe yatsanta da zare, ta soka allurar da ta ce wa duniya ta daina amfani da ita. Awon jininta bai nuna wani abin tashin hankali ba. Tambayoyi ukun kuwa ta amsa su da a'a, a'a, a'a, hannunta na hagu a dunƙule.

Tana jan rigar roba ta lura Okbun ta zauna daram a kan goranta.

"Yaya, tashi min daga kan gora."

"Me ya sami muƙamuƙinki? Sau uku kina shafa shi."

"Haƙori ne."

"Haƙoran da kike cirewa ki sa a kofi? Ke Haejin, zo ki duba min wannan maƙaryaciyar."

Malsun ta buɗe baki za ta yi masifa, numfashin bai kai ba. Haejin ta kwantar da ita a kan bencin nan dai, ta manna mata wayoyi a ƙirji, takarda ta fito da zane. Ta duba sau ɗaya, ta ɗauki hotonta ta aika wa likita a birni, ta sa mata ƙwaya a baki ta ce ta tauna, ta kira jirgin ceto. Duk wannan bai kai minti goma ba. Okbun ta ɗauko jan akwati ta rungume shi a cinya, ta zauna kusa da kanta ko da za a buƙata. Ranar ba wadda ta shiga ruwa, ga koɗi ya yi ƙiba.

A cikin jirgi, Haejin ta kamo hannunta na hagu za ta maƙala mata na'ura a yatsa. Ta buɗe dunƙulen, sai ga zaren a naɗe, da ɗan busasshen jini a gindin farce. Malsun ta janye robar iskar da ke bakinta. Ta ga in ba ta faɗa yanzu ba, wataƙila ba za ta samu faɗa ba.

"'Yar nan, ranar da uwarki ta rasu, ta gaya min. Ƙirji, gumi, muƙamuƙi, duk ta gaya min. Na yi mata dariya, na soke mata yatsa, na ce ta tashi mu shiga. Ni na kai ta ruwa."

Haejin ba ta ɗago ba. Tana warware zaren a hankali.

"Na sani, Inna. Kafin ta fito daga gida ta buga min waya. Ina sauri zan tafi aiki. Na ce mata, Umma, dankali ne, ki je Inna Malsun ta soke miki yatsa."

Injin jirgi yana ta ruri. Malsun ta kalli fuskar da ta shekara bakwai tana gudu, ta ga ashe kaya ɗaya suke ɗauke da shi, kowacce a ɓoye. Ta so ta ce wani abu, Haejin ta mayar mata da robar a baki.

"Ki yi shiru ki ja numfashi. Uwa ɗaya ta isa, ba zan ba da ta biyu ba."

An buɗe mata jijiyar da ta toshe a ranar, aka sa ɗan bututun ƙarfe a ciki. Likita ya ce ta zo a kan kari, ya kuma ce ita da nutso har abada. Wannan ta yi mata ciwo ƙwarai, ta yi lokacin sanyi guda ba ta ko kallon gabas. Amma in ka tambaye ta yau, za ta ce maka ta gode. Ta gode wa Okbun da nauyin jikinta, ta gode wa matan da suka ba da numfashinsu kwana biyu a wata, ta gode wa iyayen da suka bar musu dabarar keɓe ruwa. Tekun zuciya yana nan a keɓe har yanzu, yana biya wa wata mata daga tsibirin da ke maƙwabtaka da mu karatu. Okbun, mai cewa ba za ta ƙara ko kwana ɗaya ba, ita ta kawo shawarar, kuma ba ta son a tuna mata. Allurar kuma tana nan, da ita Malsun ke ɗinke wa mata ragarsu.

Ranar shiga ruwa, in Haejin ta gama awo, takan ɗauko jakarta da jan akwatin ta zo ta zauna a kan dutsen, kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar. Ba sa yawan magana. Goruna na lilo a kan ruwa, fito na tashi nan da can.

"Goma sha uku," in ji Malsun, ta fara yunƙurin miƙewa.

Haejin ta dafa mata gwiwa. Can gabas da fitila wani kai ya ɓullo, fiton Okbun ya iso, mai kaushi kamar na tsohuwar buta.

"Goma sha huɗu, Inna."

Malsun ta koma ta zauna, ta bar hannun a inda yake.